Jagorar Haɗa Wutar da Ba Ta Rawa Don Maganaɗisun Lanƙwasa Ƙwayoyin Zarra

Tun daga ranar da muka nuna wa ɗaliban ajin ƙarshe zoben hasken da ilekturon ke zanawa a cikin kwalbar gilashi, a ɗakin gwajin makarantarmu da ke wani ƙauye a yankin Ringim, tambaya ɗaya malaman kimiyya daga Gumel da Kazaure da Birnin Kudu, har da wasu masu gyaran rediyo da inbata, suke ta maimaita mini: wace irin wuta aka ba maganaɗisun, har zoben ya tsaya cak daga farkon darasi zuwa ƙarshensa? Yawancinsu sun gwada batirin mota ko cajar kwamfuta kai tsaye, sai suka ga zoben yana faɗaɗa a hankali, awon ɗalibin farko ya saɓa da na ɗalibin ƙarshe.

Kwalbar nan, duk da ƙanƙantarta, na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra ce, dangin wadda ke cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da kuma babbar LHC ta cibiyar CERN mai kewayen kilomita 27 a kan iyakar Suwizalan da Faransa. A dukkansu maganaɗisun lantarki ne ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin, ƙarfinsa kuwa yana bin yawan kwararar wutar da ke ratsa koyil, wadda ake aunawa da amfiya, ba matsin wuta da ake aunawa da bolt ba. Aikin da ke gabanmu ke nan: na'urar da za ta riƙe kwarara wuri guda ko da koyil ya ɗau zafi, ko da batir ya fara sauka, kuma ba za ta ƙone ba idan aka yanke ta ba zato. Zan yi amfani da lissafin tamu a matsayin misali, kowa ya musanya da alƙaluman nasa koyil ɗin.

1. A rubuta buƙatar maganaɗisun

Kafin a kashe ko kwabo, a ɗauki takarda a rubuta abu huɗu: iyakar kwararar da ake so, turjiyar koyil (wato yadda wayarsa ke tare wuta, ana auna ta da om), ko akwai ƙarfe a cikinsa, da kuma iyakar rawar da za a iya haƙura da ita.

Namu maganaɗisun tagwayen naɗi ne irin na Helmholtz, kowanne da zagaye 130 na wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.2, nisan tsakiya zuwa gefe santimita 15. Irin wannan yana ba da ƙarfin maganaɗisu na kimanin militesla 0.78 a kan kowace amfiya ɗaya. Idan aka tura ilekturon da bolt 250, aka ba koyil amfiya 1.5, zoben yana fitowa da nisan tsakiya zuwa gefe kimanin santimita 4.6. Mun sa iyakarmu a amfiya 2.

Game da rawa, kada a yi buri. Manyan maganaɗisun LHC su 1,232 suna ɗaukar kusan amfiya 12,000, kuma ana riƙe wannan kwarara da kuskuren da ake lissafawa da kashi kaɗan cikin miliyan. Ɗakin gwajin makaranta ba ya buƙatar haka, ba shi ma da mitar da za ta gani. Kashi ɗaya cikin dubu ya wadatar, kuma ana iya samun sa da kayan da ke kasuwar Sabon Gari.

Gargaɗi: kada a yarda da abin da ƙaramar mita ta nuna idan ana auna turjiyar da ba ta kai om 10 ba, domin wayoyin mitar kansu suna ƙara wani abu a kai. A tura kwararar da aka sani a cikin koyil, a auna matsin da ke tsakanin bakinsa biyu, a raba matsin da kwararar. Ta wannan hanya namu ya ba da kimanin om 4, haɗe da wayoyin da ke kai masa wuta.

2. A lissafa matsin da ake buƙata

Nan ne sirrin zoben da ke faɗaɗa yake. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.39 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na zafi. Tsakanin sanyin safiyar hunturu da la'asar ɗin bazara a ɗaki mai rufin kwano, ga kuma zafin da koyil ke haifar wa kansa, bambancin digiri 40 ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu. Koyil mai om 4 zai koma kimanin om 4.6. Wanda ya ba shi tsayayyen matsi zai ga kwararar ta ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari, zoben santimita 4.6 ya buɗe ya kai 5.3, alhali ba wanda ya taɓa komai.

A yi lissafin da koyil mai zafi. Amfiya 2 sau om 4.6 ya ba da bolt 9.2. A ƙara bolt 1 da rizistan awo zai cinye, wanda za mu zo kansa, a ƙara aƙalla bolt 2 na sararin da tiransisto, wanda shi ne zai riƙa daidaita kwararar, zai yi aiki a ciki, sannan a bar bolt 1 na ko-ta-kwana saboda fis da makunni da wayoyi. Jimillar ta doshi bolt 13.5.

Gargaɗi: wannan lissafin ya riga ya fitar da batirin bolt 12 guda ɗaya daga cikin zaɓi. Cikakken batir yana nuna kimanin 12.7, da ya fara aiki kuma sai ƙasa. Na ga waɗanda suka haɗa komai daidai, suka ɗora shi a kan batir ɗaya, na'urar ta yi aiki minti ashirin sannan ta fara sauka, suka ɗora laifin a kan tiransisto suna ta canzawa.

Ƙara matsi fiye da kima shi ma matsala ne, domin duk rarar da koyil bai ci ba zafi take komawa a jikin tiransisto.

3. A zaɓi inda wutar za ta fito

Hanya uku ce a gabanmu, kuma a ƙauye ta farko ta fi sauran nesa ba kusa ba.

Ta farko ita ce batiran sola biyu a jere, bolt 24, a sauke su zuwa 13.5 da ƙaramin allon rage matsi irin mai ɗauke da XL4015, wanda ke iya ɗaukar amfiya 5. Na'urar gaba ɗaya wat 30 take ci, wato kimanin amfiya 1.25 daga batiran, darasin awa uku ba zai cinye ko amfiya-awa 4 ba. Kada kuma wani ya ɗauka sola wutar talaka ce kawai: cibiyar SESAME mai na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra da ke ƙasar Jodan, wadda aka buɗe a 2017, ta koma samun wutarta daga hasken rana a 2019. Abin lura shi ne allon rage matsi yana aiki ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, yana barin ƙaramar rawa a wutar. A sa kafasito mai maikurofarad 2,200 da wani ƙarami mai nanofarad 100 a bakin fitarsa, a kuma nesanta shi da ɓangaren awo a cikin akwatin.

Ta biyu ita ce cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19, ta asali, da za ta iya ba da amfiya 3 ko fiye. Ita ma a sauke ta zuwa 13.5, in ba haka ba tiransisto zai sha wat 20 a banza.

Ta uku ita ce taransifoma da birij da babban kafasito daga wutar gari ko janareta. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, bayan birij kuma tana bugawa sau 100. A raba kwarara da 100 sau girman kafasito a ma'aunin farad a san zurfin rawar: amfiya 2 a kan maikurofarad 10,000, wato farad 0.01, tana barin rawar bolt 2, wadda dole a ƙara ta a kan 13.5 ɗin nan. A ƙauyenmu wutar gari takan zo a raunane, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, don haka ban ba kowa shawarar wannan hanya ba sai wanda ba shi da wata.

Gargaɗi: idan na'urar cajin solar ƙarama ce irin mai datsa wuta tana saki, a raba batiran da ita yayin awo mai muhimmanci, domin datsawar tana bayyana a matsin batir.

4. Sayen kaya

Abin da ake buƙata shi ne ayisi LM358 mai sarrafa tiransiston, tushen tsayayyen matsi TL431, mosfet IRFP250 (shi ne tiransiston da muke ta ambata), dayod 6A10, rizistan awo, bolum (rizisto ne da ake murɗawa) mai juyi goma na kilo-om 10, rilé, fis na amfiya 3, makunnin zafi mai yankewa a digiri 70, ƙarfen shan zafi da fanka, ƙananan rizisto da kafasito, da akwatin ƙarfe.

Kuɗin ba a ayisi suke tafiya ba, su ne ma mafi araha a jerin. Abin da ke cin aljihu shi ne batir, mita mai kyau, wayar jan ƙarfe idan za a naɗa koyil, da bolum mai juyi goma. Farashinsu yana bin dala, don haka a tambaya a shago biyu ko uku a ranar da za a saya. Ana rage kuɗi sosai da tsofaffin kaya: ƙarfen shan zafi da fanka daga matacciyar kwamfutar tebur, rilé da akwati daga tsohuwar inbata. Naɗin koyil kuwa a kai wa masu naɗa koyil ɗin janareta da injin ban ruwa, amma a tsaya a wurin a ƙirga zagayen tare da su, domin a sana'arsu zagaye biyu ko uku ba komai ba ne, a tamu kuwa kuskure ne da zai shiga kowane lissafi.

Gargaɗi: jabun mosfet sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado. Na taɓa sayen guda huɗu masu kyan rubutu, biyu suka mutu a gwajin farko, da na fasa ɗaya sai na ga ƙwayar cikinsa ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Wanda aka ciro daga tsohuwar inbata ta kirki ya fi mini sabo mai shakku. Haka nan a kankare wayar koyil a duba, domin akwai alminiyon da aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Wanda ba ya buƙatar fiye da amfiya 1.5, kuma kwarara ɗaya tak yake so, zai iya taƙaita aikin da LM317 da rizisto guda, inda kwararar take zama 1.25 a raba da turjiyar riziston. Sai dai ba ta da daɗin juyawa, kuma matakai na 7 zuwa 10 suna nan a kansa.

5. Rizistan awo

Na'urar ba ta ganin kwarara, matsin da ke kan wannan riziston take gani. Idan ya yi ƙarya, duk sauran kayan za su bi ƙaryarsa da gaskiya da biyayya. A manyan cibiyoyi ba sa amfani da rizisto a irin wannan wuri, suna da wata na'ura mai auna kwarara ta hanyar maganaɗisun da ke kewaye da wayar, kuma a manyan da'irorin LHC guda biyu suke sawa, ɗaya tana tabbatar da ɗaya. Mu rizisto ya ishe mu, muddin an girmama shi.

Mun zaɓi om 0.5, wanda ke ba da bolt 1 a amfiya 2, yana fitar da zafin wat 2. Kada a sayi mai wat 2 ko 3 don lissafi ya ce haka. A nemi mai wat 25 ko fiye, irin mai rigar alminiyon da ake ɗaurewa da kusa, a ɗaure shi a nasa ƙarfen daban, nesa da tiransisto. Dalili shi ne turjiyarsa ma tana motsi da zafi. Farin rizisto irin na siminti yana iya motsawa da kashi ɗari biyu ko uku cikin miliyan a kowane digiri, wato idan ya ɗau digiri 30 ya riga ya cinye iyakar kuskurenmu sau da yawa. Wanda ya samu na manganin ko konstantan ya huta, domin don wannan aiki aka yi su.

Sai batun wayoyi huɗu. A kowace ƙafar riziston a haɗa waya biyu: mai kauri da za ta ɗauki amfiya 2, da siririya da za ta kai labari ga ayisi. Siraran a manna su a jikin riziston kansa, a murɗa su tare kamar igiya har zuwa allon. Baƙar siririyar, wato ta ƙafar da ke gefen baƙar wayar batir, ita ce za ta zama ƙasan TL431 da bolum, inda awon matsinsu yake farawa daga sifili.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙasan awo daga kowane wuri a kan baƙar wayar batir. Tazarar taƙi ɗaya ta waya mai ɗauke da amfiya 2 tana iya cin milibolt da yawa, a wurinmu kuwa milibolt ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu gaba ɗayansa.

6. A haɗa da'irar sarrafawa

Babbar hanyar wuta a jere take: jar waya daga bolt 13.5 zuwa fis, zuwa bakin rilé, zuwa koyil, daga koyil zuwa ƙafar tsakiya ta mosfet, daga ƙafarsa ta dama zuwa rizistan awo, daga nan zuwa baƙar waya. Ana lissafa ƙafafun ne idan rubutun mosfet yana fuskantar mutum, ƙafafun suna kallon ƙasa. Ta hagu ita ce ƙofar da ake sarrafa shi da ita.

A ciyar da TL431 daga 13.5 ta riziston kilo-om 2.2, a haɗa ƙafarsa ta kwatance da katod ɗinsa, zai tsaya a kimanin bolt 2.5. A sa riziston kilo-om 15 a jere da bolum ɗin kilo-om 10, sai bolum ya riƙa ba da daga sifili zuwa bolt 1, wato daga sifili zuwa amfiya 2. Riziston nan ya zama irin shuɗin nan mai kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙafar tsakiya ta bolum ta bi ta riziston kilo-om 10 zuwa ƙafa ta 3 ta LM358, a sa kafasito mai maikurofarad 100 daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasan awo. Wannan kafasiton shi ke sa kwarara ta hau a hankali cikin 'yan daƙiƙu idan an kunna, maimakon ta daka tsalle. Ya zama sabo mai kyau, domin tsohon kafasito mai yoyo yana jan awon ƙasa.

Jar siririyar waya daga rizistan awo ta bi ta kilo-om 1 zuwa ƙafa ta 2. Ƙafa ta 1 ta bi ta om 100 zuwa ƙofar mosfet. Tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 a sa nanofarad 10. Ƙafa ta 8 zuwa 13.5, ta 4 zuwa ƙasa, da nanofarad 100 a tsakaninsu dab da ayisin. Rabin ayisin da ba a amfani da shi kada a bar shi a sake: ƙafa ta 5 zuwa ƙasa, ta 6 a haɗa da ta 7. A ƙarshe a sa kilo-om 100 daga ƙofar mosfet zuwa ƙafarsa ta dama, don idan wayar ƙofa ta tsinke ya rufe kansa.

Gargaɗi: kada a yi amfani da allon nan mai ramuka da ake soka waya ba tare da dalma ba. Ramukansa ba su da amana a amfiya 2, ƙurar hunturu kuma tana gama da su a wata guda.

7. Hanyar da kuzarin koyil zai bi

Wannan matakin ba a tsallake shi, ko da gwajin minti ɗaya za a yi. Koyil yana ajiye kuzari a cikin maganaɗisunsa, kuma ba ya yarda a tsayar da kwararsa farat ɗaya. Idan aka yanke, zai tayar da duk matsin da zai iya don ta ci gaba. Tagwayen naɗinmu da ba su da ƙarfe a ciki suna da kimanin milihenri 20, nasu da sauƙi. Amma a ɗauki maganaɗisu mai zuciyar ƙarfe na rabin henri: idan aka yanke amfiya 2 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, zai tayar da bolt 1,000, alhali IRFP250 bolt 200 ne iyakarsa.

A LHC an raba manyan maganaɗisun gida takwas, kowane gida 154 a jere, kuma kowane gida yana riƙe da fiye da jul biliyan ɗaya. Idan matsala ta taso, makunnai suna karkatar da kwararar cikin manyan rizisto, ta riƙa sauka a hankali cikin mintuna, kowane maganaɗisu kuma yana da nasa dayod da zai ba wuta hanyar kewaye shi. Namu maganin ƙanen wannan ne: dayod 6A10 a gicciye a kan koyil, gefensa mai zobe yana kallon jar waya.

Gargaɗi: a manna dayod ɗin da dalma a bakin koyil kansa, ba a cikin akwati ba. Idan yana cikin akwati, ranar da ɗalibi ya fizge wayar koyil ana cikin aiki, dayod yana gefe guda koyil yana gefe guda, tartsatsin kuma a hannun yaron zai tashi. Saboda wannan dalili, kada a sa fis ko makunni tsakanin koyil da dayod ɗinsa. Idan kuma aka juya dayod ɗin baibai, wuta za ta bi ta cikinsa ta bar koyil, maganaɗisu ba zai tashi ba, tiransisto ya yi ta ƙuna.

8. Zafi, ƙura da baƙin da ba a gayyata ba

Mutane suna zaton tiransisto ya fi shan wuya a iyakar kwarara. Lissafi bai ce haka ba. A amfiya 2 da koyil mai sanyi, rarar matsin bolt 4.5 ce, zafin wat 9. A amfiya 1.5, inda muka fi yin aiki, rarar ta kai bolt 6.75, zafin ya ɗan haura wat 10. Idan kuwa wayoyin koyil suka haɗu da juna a amfiya 2, wat 25 ne. A ɗauki zafin ɗaki a matsayin digiri 45 saboda watan Afrilu da Mayu, a ƙudurta cewa ƙarfen shan zafi ba zai wuce 70 ba. Na tsohuwar kwamfuta da fankarsa yana ɗaukar wannan cikin sauƙi. A shafa farin man nan siriri, a ɗaure da kusa sosai.

Gargaɗi: bayan mosfet a haɗe yake da ƙafarsa ta tsakiya. A sa takardar maika a tsakani, sannan a gwada da mita a tabbatar ba ya taɓa ƙarfen, in ba haka ba akwatin gaba ɗaya ya zama ɓangaren da'ira.

Makunnin zafi a ɗaure shi dab da mosfet, a jera shi da koyil ɗin rilé, wani kuma a jikin maganaɗisun idan mai zuciyar ƙarfe ne. A haɗa rilén ta yadda zai riƙe kansa da bakinsa na biyu bayan an danna maɓallin kunnawa. Amfanin haka shi ne idan zafi ya yanke shi, ko wuta ta ɗauke ta dawo, na'urar ba za ta tashi da kanta ba sai mutum ya zo ya duba ya danna.

Sai baƙi. A watan Afrilun 2016 wata 'yar dabba mai kama da tunku ta shiga wurin wata taransifoma a CERN, ta tsayar da LHC na kwanaki. Mu namu baƙin su ne ƙadangare, ɓera, kyankyaso, da zanzaro mai gina ɗakin laka a cikin kowane rami da ya samu lokacin hutun makaranta. A rufe duk kafar iska da ragar sauro ta ƙarfe, a sa siririn soso a gaban fanka saboda ƙura, a riƙa wanke shi kowane mako a lokacin hunturu.

9. Mahaɗan waya

A ranar 19 ga Satumba, 2008, kwana tara da fara aikin LHC, mahaɗa guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu da ba ta kamu da kyau ba ta yi zafi ta narke, aka yi asarar tan-tan na iskar hiliyom, aka fitar da maganaɗisu 53 don gyara ko musanyawa, na'urar ba ta dawo aiki ba sai Nuwamban 2009. Turjiyar mahaɗar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na om ba.

A kankare fentin wayar koyil har jan ƙarfen ya fito fes, a shafa masa dalma kafin a haɗa. Dalmar da ta kamu tana sheƙi tana kwanciya, wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ko ta yi fari-fari a sake ta. Babbar hanyar wuta ta zama da waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ko fiye, a kan tashoshi masu kusa da washa mai hana kwancewa. Bayan an kunna, a ɗora mita a ma'aunin milibolt a kan kowace mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta. Wadda ta fi 'yan uwanta nesa, ko take ɗumi a yatsa, ita ce za ta ba da kunya wata rana.

Gargaɗi: maƙalan nan masu bakin kada na gwaji ne kawai, kada su kwana a da'irar.

10. Gwaji kafin a haɗa da kwalba

A fara da kayan bogi maimakon koyil: rizisto biyu masu om 8.2 da wat 25 a gefe da gefe. A mayar da bolum sifili, a ɗora mita a kan siraran wayoyin awo, a kunna. A hau zuwa bolt 0.250, wato rabin amfiya, a taɓa ƙarfen shan zafi, a ci gaba zuwa 0.500 da 0.750 da 1.000. Sannan a ɗan juya allon rage matsi daga 13.5 zuwa 12.5, a mayar. Idan lambar mita ba ta motsa ba, da'irar tana riƙo. A hura wa makunnin zafi iska mai zafi a ga rilé ya saki, ya kuma ƙi komawa sai an danna.

Yanzu a haɗa koyil na gaskiya. Koyil yana iya sa da'irar ta shiga kai-komo da sauri wanda ido ba ya gani. Alamunsa su ne siririn kuka daga koyil, ko ƙara a rediyon da aka kama tashar matsakaicin zango aka ajiye kusa, ko lamba a mita idan aka juya ta ma'aunin wuta mai juyawa a kan rizistan awo. Maganin shi ne a ƙara kafasiton ƙafa ta 1 da ta 2 zuwa nanofarad 47 ko 100, a kuma gicciya wa koyil riziston om 100 a jere da kafasito mai maikurofarad 1 wanda ba shi da gefen jan waya da baƙa. Mai zuciyar ƙarfe yana son om 470. Kada a sa riziston shi kaɗai ba kafasito, domin zai saci wani ɓangare na kwararar da rizistan awo ya ƙirga a matsayin ta koyil.

Sai gwajin haƙuri. A tsayar da ita a amfiya 1.5 na awa biyu, a rubuta lambar mita da zafin ɗaki kowane minti goma, sau ɗaya da safe sau ɗaya da azahar. Mita mai nuna lamba har 1999 tana ganin milibolt ɗaya a ma'aunin bolt 2. Tamu takan motsa da lamba biyu ko uku a rabin awar farko, daga nan ta zauna. Idan taku ta ci gaba da tafiya gefe guda, a fara zargin zafin rizistan awo, sannan TL431 idan yana kusa da iskar da fanka ke fitarwa.

11. Amfani a ɗakin gwaji

A kunna rabin awa kafin darasi. A mayar da bolum sifili kafin kashewa da kafin cire kowace waya. Maganaɗisun duniya yana tsakanin maikurotesla 25 da 65 gwargwadon wuri, wato kashi kaɗan cikin ɗari na abin da tagwayen naɗinmu ke bayarwa, don haka a yi wa teburin alama da fenti, a riƙa ajiye koyil yana fuskantar gefe guda kullum, nesa da ƙofar ƙarfe da kabad.

Mai zuciyar ƙarfe yana da wata ɗabi'a: ƙarfen yana tuna inda ya fito, amfiya 1 da aka hau zuwa gare ta daga sifili ba ta ba da ƙarfi ɗaya da amfiya 1 da aka sauko mata daga 2. A manyan cibiyoyi sukan zagaya da maganaɗisun sama da ƙasa a tsari guda kafin su shigar da ƙwayoyi. A yi haka a nan: a hau zuwa iyaka, a sauko sifili, sannan a hau zuwa inda ake so ba tare da an wuce ba. Idan an wuce, a sake zagayen daga farko.

Gargaɗi: wutar da ke tura ilekturon a cikin kwalba daban take da wannan, bolt 250 zuwa 300 ce, kuma tana kisa. Malami kaɗai ke taɓa wayoyinta, a kashe, bayan kafasitonta sun sauke. Katin cirar kuɗi da agogo da sukurdireba a nesanta su da mai zuciyar ƙarfe, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuma kada ya matso kusa da shi.

A manna ƙaramar leda a cikin murfin akwatin mai ɗauke da mosfet ɗaya da aka gwada, LM358, TL431, dayod da fis uku, tare da zanen da'irar da takardar awon mahaɗai mai kwanan wata. A farkon kowane zangon karatu a buɗe akwatin, a hure ƙura, a ɗaure kusoshi, a maimaita awon mahaɗan a kwatanta da na takardar.